Haƙuri Ne ko Sakaci?

A Gwandu ko Kalgo, kan gai da dattijo ya kasa shaida fuskarka, alhali yana ratsa kasuwa ba ɗan jagora. Sai a ce girman kai ne, ko a ce tsufa ne, sai haƙuri. Wani lokaci cuta ce ta waɗanda suka haura shekara 50, mai cinye tsakiyar gani ta bar gefe, ba yanar ido ba. Nau'inta mai tsiyaya a bayan ido, allura kan tsai da ɓarnarsa in an hanzarta. To, shirun da ya hana mu kai tsoho asibitin Birnin Kabi, haƙuri ne? Haƙuri na mai ciwo ne. Namu 'ya'ya kuwa, sakaci ne sunansa.