Ramin da ke bayan gidan Alhaji: gumi ke da haƙƙi ko takarda?

Da yawa daga cikin 'yan unguwa sun san ramin da zan yi magana a kai, don haka ba sai na kama suna ba. Na nemi izinin mutanen biyu kafin in ɗauki alƙalami, kuma sharaɗin da suka gindaya mini ke nan, kada in ambace su. Zan kira ɗaya Alhaji, ɗayan kuma magini.

A ƙarshen shekarar 2023 Alhaji ya yi niyyar gina tafkin iyo a bayan gidansa, abin nan da yara ke kira suwimin-ful. Yana so ne ya mayar da ɓangaren baya masaukin baƙi, tunda ma'aikatan Abuja ba sa yankewa a garin nan. Wannan ra'ayinsa ne da kuɗinsa, ba shi na zo tuhuma ba, ko da yake a garin da mata ke jiran mai kura da asuba kafin su ɗora tukunya, ni dai da an shawarce ni da burtsatse zan ce. Ya fara tuntuɓar wani kamfani a Abuja, suka yanka masa kuɗin da ya sa ya yi salati. Sai aka haɗa shi da magini, mutumin da ya yi wa rabin layinmu sokawe da tankin ruwa na ƙasa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Suka yi jinga a baki, a kan tabarma, da shaida ɗaya. Magini ya karɓi kashi biyu cikin uku na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, alhali ko alƙalamin ba a ɗauko ba.

Lokacin da suka yi cinikin, buhun siminti yana wajen naira 5,000 da 'yan kai. Zuwa Fabrairun 2024 ya haura 10,000, duk mai shago a kasuwar IBB shaida ne. Rodi ma ya bi sahu. An haƙa rami, an zuba kankaren ƙasa, an ɗaga bango uku, sai aiki ya tsaya. Magini ya ce a ƙara kuɗi, Alhaji ya ce jinga jinga ce. Ana wannan ja-in-ja damina ta sauka, rami ya cika. Da aka kwashe ruwan sai ga tsaga a bango ɗaya tun daga sama har ƙasa.

A nan ne maganar takarda ta shigo. Ɗan Alhaji, mai karatun jami'a, ya bincika ya gano cewa magini ba shi da rajista da CORBON, hukumar da aka kafa a 1989 don yi wa ƙwararrun magina rajista, haka ba shi da ita da COREN ta injiniyoyi, wadda ta samo asali tun 1970. Abin da yake da shi kawai takardar CAC ce, ita kuwa sunan kasuwanci take tabbatarwa, ba ta ce mai ita ya iya komai ba. Ni ma ina da irinta a shago, ba ta sa na san yadda ake ɗaure rodi ba. Amma a katinsa, da allon da ya kafa a bakin titi, "Injiniya" ya rubuta.

Da suka zo wurina bayan isha'i, yaron ya zo da hujja a waya. Ya ce a jihar Kaliforniya ta Amurka, inda tafkin bayan gida ba abin mamaki ba ne, doka ta ce ɗan kwangilar da ba shi da lasisi ba zai iya kai ƙara ya nemi ladansa ba, kuma mai gida yana da ikon karɓe duk abin da ya biya shi, ko da aikin ya yi kyau. Na sa an tabbatar mini, haka ɗin ne. Alhaji ya ce, "To ka ji, Liman. Ni abin da nake so ke nan. Ya dawo mini da kuɗina cif, tunda ashe ba shi da izinin taɓa aikin tun farko." Magini kuwa bai ce komai ba sai da aka daɗe, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Allah gafarta Malam, wata uku muna cikin ramin nan ni da yara shida. Takarda ce ta haƙa shi?"

Tun daren nan tambayar take cina: rashin takarda yana shafe gumin mutum? In kuwa ba ya shafewa, shin gumi yana wanke ƙarya?

Abu na farko da ya zo mini shi ne karatunmu na zaure. A Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin ciniki, an yi maganar ji'ala, wato ka sa wa mutum lada a kan kammala wani aiki, kuma hukuncinta shi ne ba shi da komai sai ya kammala. Har da haƙa rijiya cikin misalan. Da na faɗi wannan Alhaji ya gyara zama, ya ɗauka an gama. Na ce masa ya dakata, karatun bai ƙare ba. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin rijiyar da aka haƙa a filin da ba na kowa ba da wadda aka haƙa a cikin mallakar wanda ya sa aikin. Dalilinsu a fili yake. Idan mai haƙa ya gaji ya tafi a daji, wanda ya sa shi bai amfana da komai ba. Idan kuwa a gidanka ne, ramin yana nan a hannunka, gobe ka kira wani ya ƙarasa da ɗan kuɗi, ka ga ka ci ƙarfin na farko a banza. Shi ya sa irin wannan suke ɗaukarsa ijara, wato ƙodago, ba ji'ala ba. Ko a ji'alar ma, Muktasar na Shehu Halilu ya nuna cewa in aka ɗauki wani ya ƙarasa, na farko yana da rabonsa gwargwadon abin da ya rage wa na biyu. Mutanen da suka rubuta wannan ba su taɓa ganin suwimin-ful ba, amma sun san halin ɗan Adam idan ya ga hanyar cin aikin wani kyauta.

To amma kada wani ya ce Liman ya ce takarda banza ce. Ba banza ba ce, kuma masu cewa duk wannan rajista bidi'ar 'yan boko ce ba su san tarihin sana'ar kakanninsu ba. A garuruwan da iyayenmu suka baro, Kano, Katsina, Zariya, akwai Sarkin Magina. Ba ka wayi gari ka ce kai magini ne. Sai an san gidan da ka fito, da wanda ya koya maka, da shekarun da ka yi kana miƙa masa tubali. In soro ya rufta, an san ƙofar da za a je. A Zariya har yau ana kiran sunan Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, har unguwa guda ke amsa sunan. Wancan tsarin lasisi ne, sai dai a bakin mutane aka rubuta shi.

Mu kuwa a ina muke? Garin nan shi ne Abuja ta asali kafin babban birni ya karɓi sunan, kuma tun daga lokacin mutane ke kwararowa. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo jama'a nan da Madalla. Yau maƙwabcinka na dama daga Daura, na hagu daga Bidda, na gaba daga Inugu. Wa ya san wanda ya koya wa wa? Idan sanayya ta yi ƙaranci dole wani abu ya tsaya a madadinta, takardar nan ita ce ta tsaya. Duk wanda ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum sama da 40 suka rasu, ya san ba wasa ake da kankare ba. A addini ma muna da asalin wannan: hadisi ya zo a Sunan Abi Dawud cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, lamunin ɓarnar a kansa yake. Malamai ba su tsayar da ma'anar a kan likita kaɗai ba.

Saboda haka na gaya wa magini a gaban kowa cewa laifinsa biyu ne, kuma tashin siminti ba ya cikinsu. Na farko, ya kira kansa da sunan da ba nasa ba. Na san a garin nan duk mai riƙe da tef ɗin awo injiniya ake ce masa, har mai gyaran janareta, amma abin da mutane suka kira ka daban, abin da ka buga a kati ka miƙa wa mai neman aiki daban. Na biyu ya fi nauyi: ya karɓi aikin da bai taɓa yi ba, bai kuma faɗa ba. Sokawe ana so ya tsotse ruwa, tafki ana so ya riƙe shi, kuma bangon da ƙasa ke tura shi ta baya, ruwa ta gaba, yana da lissafin rodinsa. Da ya ce, "Alhaji, ban taɓa yi ba, amma mu ɗauko mai zane ya auna mana," da ya fita. Kunyar cewa "ban iya ba" ita ta tsaga bangon nan. Sai da na matsa kuma ya amsa cewa wani kaso na kuɗin ya tafi wani aikin da yake yi a Kwamba, da niyyar in an biya shi can ya mayar nan. 'Yan kasuwa, kada mu yi saurin zare ido. Sau nawa muka juya kuɗin ajiyar wani da wannan niyyar?

Alhaji kuma, da girmansa, na tambaye shi abu ɗaya: ranar da kuka yi jinga, ka nemi ganin takardarsa? Ya ce a'a. Na ce me ya sa ka bar kamfanin Abuja? Ya yi shiru. Ai ya san dalilin arahar. Bambancin kuɗin nan shi ne kuɗin injiniya da zane da gwaji da amincewar hukumar raya birane, duk ya yafe su da saninsa don ya rage kashewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Takardar da ba ka damu da ita ba ranar da rashinta ke sa maka kuɗi a aljihu, ba ka da bakin ɗauko ta ranar da rashinta zai ba ka ramin mutane kyauta.

Ɗan Alhaji bai bar ni haka ba, kuma na ji daɗin hakan. Ya ce, "Baba Liman, in dai kullum za a biya marar lasisi gwargwadon aikinsa, wa zai wahalar da kansa ya yi rajista?" Maganarsa tana da ƙarfi, ban kuma da amsar da za ta rushe ta gaba ɗaya. Dokar Kaliforniya da gangan aka tsananta ta, don a tsoratar, kuma shugaba yana da damar tsananta hukunci saboda maslahar jama'a. Sai dai can kowa ya san dokar kafin a sa hannu, akwai hukumar da za ka duba lasisin mutum kafin ka ba shi sisi, kuma wannan dokar dai ta hana ɗan kwangila karɓar kafin alƙalami sama da kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ka ga an ɗaure ɓangarorin biyu ne tun farko. Ɗauko rabin dokar wata ƙasa a tsakiyar rigima, rabin da ya yi maka daɗi, wannan ba neman gyara ba ne. Kuma ko da alƙali ya ba ka, tambayar ko ya halatta ka ci tana nan tana jiranka. Hukunta mai ƙaryar suna aikin hukuma ne, in ta ci shi tara ba aljihun Alhaji za ta shiga ba.

Abin da muka tsaya a kai shi ne a kawo injiniya na gaske, su raba kuɗin zuwansa, ya kimanta aikin da zai amfanu. Wannan haƙƙin magini ne. Abin da ya lalace saboda rashin iyawarsa, a kansa. Abin da ya rage na kuɗin Alhaji ya dawo da shi kashi-kashi. Wannan karon an rubuta, da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi. Ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma ina jin ita muka fi tsallakewa a aikace, wai kada a ce ba mu yarda da juna ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a duk zaman nan na awa uku babu wanda ya ambaci mutanen da ba su cikin jingar. Yara shidan nan da magini ya kafa hujja da guminsu, biyu daga cikinsu suna bin sa kuɗin mako uku, sai daga baya na ji. Katangar baya da aka fasa don tifa ta shiga ba a mayar ba. Akuyar wata gwauruwa ta faɗa ramin ta mutu, ba wanda ya ce mata sannu, kowa yana cewa alhakin ɗayan ne. Almajirai kuma sun gano wurin, ana ganinsu da rana suna wanka a ruwan da ya fi tsayin babba. Sai da matasan masallaci suka ɗauko tsofaffin kwanon rufi daga sito suka toshe ɓarakar. Na ce wa Alhaji ramin a gidansa yake, in rai ya salwanta ba za a tambayi wa ke da rajista da CORBON ba. Ya biya kuɗin akuyar, Allah ya saka masa. Kuɗin leburorin kuwa na sa a fara cire shi daga rabon magini kafin komai.

Injiniyan ya zo makon jiya. Ya ce ba bangon da ya tsage kaɗai ba, sauran biyun ma rodinsu ya yi siriri, sai an fasa. Ke nan abin da zai amfanu bai wuce haƙar da kankaren ƙasa ba, kuma bashin da ke kan magini ya fi abin da muka zata nesa ba kusa ba. Ya ce ba shi da shi sai ya sayar da babur ɗinsa, wanda da shi yake zuwa aiki. Alhaji bai ce ya yafe ba, bai kuma ce a sayar ba. Za mu sake zama bayan Juma'a mai zuwa. Kafin nan, iyaye da malaman tsangaya a ja wa yara kunne game da lungun nan, don kwanon da aka kafa ba zai hana yaro mai niyya ba, kuma ruwan yana nan.