Hawayen Mai Jinya Rashin Bangaskiya Ne?

Karatu: Ayyukan Manzanni 20:36-38

Akwai tambayar da masu jinya ke ɓoyewa a zuci. Likita ya ce ciwon daji ya bazu, ko ƙoda ta daina aiki, a koma gida a ci gaba da kulawa. Kuna juya mara lafiya, kuna yi masa wanka, kuna ba shi kunu da cokali, kuna addu'ar warkarwa. Amma da dare hawaye na zuba kamar an riga an yi jana'iza. Sai zuciya ta ce: ashe ba ni da bangaskiya? Ko kukana ne ke tare al'ajibi?

Mun gaskata Yesu yana warkarwa har yau, ba kuwa za mu daina shafa mai da ɗora hannu ba. Amma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana sauran gaskiyar ba. Elisha, wanda Na'aman ya rabu da kuturta ta bakinsa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu, sarki kuma ya zo ya yi kuka a kansa tun yana da rai (2 Sarakuna 13:14). A karatunmu na yau, Bulus ya gaya wa dattawan Afisa ba za su ƙara ganin fuskarsa ba. Ya durƙusa ya yi addu'a tare da su, suka rungume shi suna kuka, suka raka shi har bakin jirgi. Ba inda aka tsauta musu. Addu'a da hawaye suka taru wuri ɗaya.

Saboda haka kukanku ba zunubi ba ne, ƙauna ce ta hango rabuwa. Gajiyarku ma ba mugunta ba ce. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai kawo masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya kawo, ya bar shi ya yi barci (1 Sarakuna 19).

Ku ci gaba da roƙon warkarwa, amma kada ku jinkirta abin da ya kamata a faɗa yau. Ku nemi gafara, ku gafarta, ku yi godiya, ku kira 'ya'yan da ke nesa. Idan Ubangiji ya tashe shi, ba ku yi hasara ba. Idan ya kira shi gida, ba a bar ku da da-na-sani ba.

Mu kuma sauran ikilisiya, "sannu da jinya" kaɗai bai isa ba. Haruna da Hur riƙe hannuwan Musa suka yi. Zumuntar mata da matasa, wa zai kwana da mara lafiya daren nan, domin mai jinya ya runtsa?

Addu'a: Ya Uba, ka ga hawayen da muke ɓoyewa. Ka taɓa marasa lafiyarmu, ka ƙarfafa masu jinya ta wurin Ruhu Mai Tsarki, cikin sunan Yesu. Amin.