HAKKIN MANOMI A WUYAN MAI SAYE DA WAKILINSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƙasar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, ƙasa ce da gona ke jingine da gona. Talaka a nan gonarsa ƙarama ce, abin da ya girbe shi ne cinsa da suturarsa da auren 'ya'yansa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanoni suka riƙa sayen amfanin wannan talaka ta hannun wakilai, su kuma wakilai ta hannun yaransu da ke bin kasuwannin ƙauye. Annoba ta faɗa wa gyaɗa a 1975, an kuma rushe hukumomin ciniki a 1986, amma wannan tsari bai gushe ba. Yau riɗi da zoɓo da waken suya ne ke bin hanyar zuwa kasuwar Dawanau.

To, abin tambaya shi ne: idan yaron wakili ya cuci manomi a kasuwar ƙauye, shin mai kamfani da ke zaune a birni ya kuɓuta? Malaman fikihu sun tabbatar cewa abin da wakili ya aikata cikin iyakar wakilcinsa, wanda ya wakilta shi ne ya aikata. Wanda ya san ana tauye mutane da kuɗinsa, ya kawar da kai don kaya na zuwa masa da araha, ya yi tarayya cikin zunubin. Abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Abu na farko shi ne awo. Allah Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, a kan masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Mutanen Madyana sun halaka bayan sun ƙi jin kiran Annabi Shu'aibu a kan shirka da tauye awo. Wajibi ne mai kamfani ya riƙa bincika sikelin wakilansa, kada a saya da babban kwano a sayar da ƙarami.

Na biyu, tare hanya. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana a tari masu kawo kaya kafin su isa kasuwa su san farashi.

Na uku, falle. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, wasu kan ba manomi 'yan kuɗi don su kwashe amfaninsa da kaka a wulaƙance. Shari'a ta halatta cinikin salam, amma da sharuɗɗa: a san awo, a san siffar kaya, a san ajali, a kuma biya kuɗin a take, ko a jinkirta kwana biyu zuwa uku, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani. Ko sharuɗɗan sun cika, cin gajiyar yunwar ɗan'uwa ba halin mumini ba ne.

Na huɗu, biya a kan kari. Hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Wannan ya haɗa da hakkin ƙaramin ɗan kwangila, da direba, da 'yan dako, da matan da ke tsince zoɓo da riɗi. Idan kamfani ya riƙe kuɗin wakili, wakili zai riƙe na yaronsa, daga ƙarshe nauyin ya faɗa kan manomi.

Don haka mai saye ya zaɓi wakili don amanarsa, ya ba shi la'adar da za ta wadace shi, ya rubuta yarjejeniya, ya kuma buɗe ƙofa manomi ya kawo kuka. Allah Ya tsarkake dukiyar Musulmi daga hakkin raunana, amin.