Hutun Wa, Gumin Wa?

Tun zamanin mulkin mallaka Turawa suka gane daɗin Jos. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka idan zafin Kaduna ya ishe su sai su haura can su sha iska. Amma a gindin duwatsun nan, leburorin haƙar kuza suna cikin rami tun sassafe.

Yau mutumin Rafin Guza da ya samu rarar kuɗi yana iya zuwa Jos ya yi kwana biyu ya huta. Shin laifi ne, alhali maƙwabcinsa na fafutukar kuɗin cefane? A ganina babu laifi. Jiki amana ne, kuma ko jaki sai an sauke masa kaya yake kai gari.

Abin dubawa shi ne: wa ya ɗauki nauyinka bayan ka tafi? Idan yaron shagonka bai taɓa samun hutun yini guda ba, uwargida kuma kullum tana tsakanin murhu da wanki, to hutunka da bashi a kansa. Kafin ka nufi tashar Kawo, ka fara ba su nasu.