KA KAMA KIFI KA SAKE SHI: RAHAMA CE KO WASA DA RAI?



'Yan uwa masu daraja, yau tambaya ce a kan kifi, amma idan kuka bi ta a hankali za ku ga ta taɓo yadda muke mu'amala da duk abin da Allah Ya hore mana. Mutum ne zai biya maƙudan kuɗi a kai shi cikin ruwa, ya jefa fatsa, ya kama kifi, ya ɗaga shi a ɗauke su hoto, sannan ya mayar da shi ruwa ya tafi. Bai ci ba, bai sayar ba, bai ba wa mabuƙaci ba. To wannan mai tausayi ne, ko kuwa mai wasa da rai?

Bari mu fara sanin abin tukuna, don hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa ne.

A kudancin Amurka, a gaɓar Tekun Mekziko, jihohin Luwiziyana da Tekzas da Fulorida suna da fadamu masu faɗi inda ruwan kogi yake haɗuwa da ruwan gishiri. A wurare da yawa ruwan bai wuce gwiwa ba. A nan wani kifi yake girma wanda suke kira redfish, wato jan kifi. Jikinsa kalar jan ƙarfe ne, yana da baƙin ɗigo kusa da wutsiya, namijin kuma yana fitar da wata ƙara kamar ta ganga a lokacin barbara. Abincinsa kaguwa da jatan lande da ƙananan kifaye. Idan ya dukufa yana tonon laka, sai ka ga wutsiyarsa ta leƙo saman ruwa tana kaɗawa. Yana yin shekarunsa uku zuwa huɗu na farko a wannan fadama, daga nan ya fita teku ya shiga garken manya masu zubar da ƙwai. Yakan rayu sama da shekara 40, kuma mafi girman da aka taɓa kamawa da fatsa ya haura kilo 42, a shekarar 1984.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jagorancin masu zuwa su. Jagora zai ɗauki mutum ɗaya ko biyu a ƙaramin jirgi mai shafaffen ciki, ya kashe injin, ya hau wani ɗan dandamali a baya yana tura jirgin da doguwar sanda, shiru, don kada kifi ya firgita. Shi zai hango wutsiyar ya ce wa baƙonsa jefa nan. Sandar fatsar marar nauyi ce, zaren kuma siriri. Ku riƙe wannan maganar ta siririn zare, za mu dawo kanta.

Me ya sa suke saki? Tarihi ne ya koya musu. A farkon shekarun 1980 wani shahararren mai dafa abinci a birnin New Orleans, Paul Prudhomme, ya fito da wata hanya ta gasa jan kifi da kayan yaji a kan kasko mai tsananin zafi har bayansa ya yi baƙi. Abin ya karɓu, gidajen abinci a faɗin ƙasar suka yi ta nema. Sai manyan jiragen su suka fita da taru, ƙananan jiragen sama suna hango musu garken iyayen kifi daga sama, su kuma suna zagaye garken su kwashe gaba ɗaya. Cikin 'yan shekaru aka ga iyayen suna ƙarewa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta hana kama shi a ruwan da ke ƙarƙashinta a Tekun Mekziko, kuma har yau hanin yana nan. Ita Tekzas tun 1981 ta hana kama shi don sayarwa. A 2007 Shugaba George Bush ƙarami ya sa hannu a umarnin hana sayar da wanda aka kama a ruwan tarayya.

Yau kowace jiha tana da awo. A Tekzas kifi uku a rana, tsawonsa tsakanin inci 20 da 28. A Luwiziyana, daga 2024, kifi huɗu, tsakanin inci 18 da 27. Wanda bai kai ba yaro ne, a bar shi ya girma. Wanda ya wuce uwa ce ko uba, a bar shi ya haihu.

To kun ga ashe sakin iri biyu ne. Akwai wanda ya fita da niyyar ya samo na miya, sai ƙugiyarsa ta kamo wanda awo bai yarda da shi ba, ya cire ta a hankali ya mayar da shi. Wannan babu ja a kansa, alheri ya yi, ya kuma kiyaye dokar da aka kafa don maslahar kowa. Akwai kuma wanda tun daga gida ba shi da niyyar cin ko ɗaya. Abin da ya biya kuɗi dominsa shi ne ya ji kifi yana fizge-fizge a ƙarshen zare. A kan wannan na biyun tambayarmu take.

Asali dai Allah Ya halatta mana farautar ruwa da abincin cikinsa, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 96. A Suratun Nahli, aya ta 14, an ambaci hore mana teku, aka haɗa shi da cin ɗanyen nama daga cikinsa. Wato izinin ya zo tare da dalilinsa. Rai ba namu ba ne, aro aka ba mu don buƙata. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka raba farauta, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure zai tuna cewa an sanya ta nishaɗi zalla a cikin makaruhi, ta buƙata kuma a cikin halal. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya yi musu inkari mai tsanani, ya sanar da su cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada saiti.

Wani zai ce: Malam, a yi adalci mana. Mai ci ya kashe kifin, mai saki ya bar shi da ransa, ta yaya wanda ya kashe zai fi wanda ya raya? Kuma ai waɗannan masu nishaɗin su ne suka tashi tsaye har aka kafa dokokin. Ƙungiyar da suka kafa a Tekzas a 1977 ita ce ta matsa lamba aka yi dokar 1981. Kuɗin lasisinsu yana shiga aikin ƙyanƙyashe miliyoyin 'ya'yan kifi ana zubawa a ruwa. Ba don su ba, da wataƙila sai dai a ba da labarin jan kifi.

Wannan magana ce mai nauyi, kuma gaskiya ce. Duk wanda ya yi alheri a yaba masa. Amma ku dawo kan siririn zaren nan. Da burin shi ne a fito da kifi da sauri, da an yi amfani da zare mai kauri, a gama cikin ɗan lokaci. An zaɓi siriri ne, a wani ɓangare don kada kifi ya gani a ruwa mai haske, a wani ɓangaren kuma don kokawar ta yi daɗi. Wato wahalar kifin tana cikin hajar da ake saye. Kifin da aka daɗe ana ja da shi, musamman lokacin zafi da ruwa ya ɗumama, yakan galabaita, wani kuma ƙugiyar takan shige masa can ciki. Mafi yawa suna rayuwa bayan an sake su, wasu kuwa suna mutuwa bayan jirgi ya wuce, babu wanda ya ci, babu wanda ya gani sai Mahaliccinsu. Amfanin da jinsin kifi ya samu gaba ɗaya bai goge haƙƙin wannan guda ɗaya da ke hannunka ba. Matar nan da hadisi ya ce ta shiga wuta, a kan kyanwa ɗaya ce tak.

Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne: fita don kokawa da kifi kawai, babu niyyar ci ko ciyarwa, mafi ƙarancin abin da za a ce a kansa shi ne karhanci, kuma idan wahalarwar ta yi yawa ana jiye wa mai yin abin da ya fi haka. Musulmin da yake zaune a can, ko ya je ziyara aka gayyace shi, ya ƙulla niyyar abinci. Jin daɗin iska da kallon halittar Allah ba laifi ba ne idan ya biyo bayan wannan niyya. Ya gaggauta fito da kifi, ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa wanda zai saki don kada ya goge yauƙin da ke kare fatarsa, kada ya riƙe shi a iska ana ta gyara tsayuwar hoto. Idan ya cika adadinsa ya naɗe zarensa. An umarce mu da kyautatawa har ga dabbar da za mu yanka, ina ga wadda za mu saki?

Sai dai kada mai ci ya yi saurin murna. Ku tuna ba mai fatsa ba ne ya kusa ƙarar da jan kifi, faranti ne. Duk wanda ya ci gasasshen kifin nan a shekarun 1980 halal ya ci, amma halal ɗin da aka taru aka yi wa wawaso ya kusa zama ɓarnar da Suratur Rum, aya ta 41, ta yi maganar bayyanarta a tudu da teku saboda aikin hannun mutane. Abu ya zama halal a kan kowane mutum ɗaya, amma ƙarar da shi ya zama zalunci a kan jikokin da ba a haifa ba.

Akwai kuma wasu da ba a cika tunawa da su ba, ƙananan masunta masu koma waɗanda da jan kifi suke ciyar da iyalansu. Da aka hana sayarwa, su ma hanin ya haɗa da su, alhali ba su ne masu jiragen sama ba. Kifi ya dawo, amma ya dawo hannun mai iya biyan jagora. Duk dokar kare halitta da za ta ɗora nauyinta a wuyan talaka, mai hali kuma ya kwashi daɗinta, tana buƙatar a sake duba ta, ko da manufarta mai kyau ce.

Shi kuma jagora, amana ce a wuyansa ta fuska biyu. Baƙo ya biya shi yana son ya ga kifi da yawa, ruwan kuma da shi 'ya'yansa za su ci abinci gobe. Babu jami'in da ke tare da su a tsakiyar fadama idan baƙo ya ce a ɓoye wannan babban a ƙasan akwatin ƙanƙara, ko a tsallaka da injin ta kan ciyawar ƙarƙashin ruwa, farfela tana yanka ta, don a rage hanya. A irin wannan wuri ake gane mai tsoron Allah da mai tsoron tara.

Kafin mu ce wannan matsalar Turawa ce, mu leƙa kogunanmu. Mai zuba guba a ruwa don ya kwashi kifi, da mai mayar da gidan sauro koma yana tace har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, me ya raba su da masu tarun can? Kakanninmu sun san wannan ilimin, shi ya sa a Argungu ake killace Matan Fada a hana su a cikinsa sai lokacinsa ya yi.

Allah Ya ba mu ikon cin halal ba tare da ɓarna ba, Ya sanya tausayin halittunSa a zukatanmu, Ya yafe mana abin da muka zalunta muna sane da wanda ba mu sani ba.

Wallahu a'alam.