Wane Ne Ɗan Gari?

Tambayar nan da jinta kamar ba ta da wuya. In ka tsai da yaro a kasuwar Dutsin-Ma ka ce masa, "Kai ɗan ina ne?" nan take zai amsa maka da cewa shi ɗan garin nan ne, gama a nan aka yanke masa cibiya, a nan ya yi karatun allo, a nan ya yi firamare. Amma ran da ya gama sakandare ya nufi babbar makaranta, sai a ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ita kuwa takardar nan ba ruwanta da inda aka haifi mutum, inda kakansa ya fito ta ke tambaya. Da ita a ke samun rangwamen kuɗin makaranta, domin manyan makarantun jihohi da yawa kuɗi biyu su ke yankawa, na ɗan jiha da na baƙo. Da ita a ke neman taimakon karatu na Gwamnati, da ita kuma a ke neman aiki. To, ya kamata mu zauna mu auna, shin wannan ma'auni na gaskiya ne?

Domin maganar ta fito sarari, bari mu ɗauki misalin yara huɗu. Na fari ɗan manomi ne daga wani ƙauye na ƙasar Kurfi. Na biyu ɗan wani Bayarabe ne mai gyaran mota, wanda ya shekara arba'in a Dutsin-Ma. Na uku iyayensa daga ƙasar Maraɗi suka zo cin rani, zama ya yi daɗi, suka kafa gida, aka haife shi nan. Na huɗu ɗan wani babban ma'aikaci ne, a Abuja aka haife shi, can ya yi makarantar kuɗi, ba ya zuwa gida sai da salla. Bisa ga takarda, na fari da na huɗu su ne 'yan gari. Na biyu baƙo ne. Na uku kuwa, in babu ɗan Nijeriya cikin iyayensa ko kakanninsa, tsarin mulkin 1999 bai lissafa shi ɗan ƙasa ta wajen haihuwa ba, ko da ya ke bai san wata ƙasa ba sai wannan.

Kada mu yi saurin zagin waɗanda suka kafa wannan tsari, gama suna da dalili. Makarantun mishan sun kafu a Kudu fiye da shekara hamsin kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Mu nan Arewa sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, Kwalejin Katsina kuwa sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta. Saboda haka da mulkin kai ya matso, sai aka tarar yawancin akawuna da ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa a Arewa mutanen Kudu ne. Shi ya sa Gwamnatin Sardauna ta tsaya a kan a fara ba ɗan Arewa aikin Arewa, ta kuma dage wajen buɗe makarantu, zamanin da Alhaji Isa Kaita ya ke Ministan Ilmi, wanda a yau kwalejin horon malamai ta Dutsin-Ma ta ke ɗauke da sunansa. Daga baya tsarin mulkin 1979 ya wajabta a riƙa raba muƙaman tarayya yadda kowane sashe zai ga nasa a ciki, a 1996 kuma aka kafa hukuma ta musamman domin lura da wannan rabo. Ka'idar shiga jami'o'in tarayya ma, irin wadda aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, a kan haka aka gina ta: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi cin jarrabawa, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, Katsina tana cikinsu.

Shin adalci ne a ɗauki mai maki kaɗan a bar mai maki da yawa? Waɗansu sun ce zalunci ne tsantsa. A Amurka ma an daɗe ana wannan gardama game da baƙaƙen fata, jikokin bayi, har a 2023 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Ni dai a ganina asalin abin ba zalunci ba ne. Uwa mai 'ya'ya biyu, in ɗaya ya tashi daga jinya ta ƙara masa ludayin fura, ba wanda zai ce ta ƙi ɗayan. Daidaita rabo tsakanin mai lafiya da majinyaci shi ne rashin adalci.

Amma fa sharaɗin wannan ƙari shi ne ya shiga bakin majinyacin. A nan ne tsarin namu ya ke tuntuɓe. Gurbin da aka keɓe saboda ɗan manomin Kurfi, wanda ya yi karatu a aji mai yara fiye da kima, wanda watakila 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu ya shekara bai ga allo ba, sau da yawa yaron Abuja ne ya ke zuwa ya karɓi takarda ya shige da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da sunan talakan ƙauye aka roƙo, amma wanda bai taɓa sanin rashi ba shi ya ci. Har wa yau, taimakon nan sandar dogarawa ce, ba a yi ta don a dawwama a kanta ba. In shekaru suka yi ta wucewa muna cikin jerin waɗanda aka bari a baya, alhali ba mu gyara firamare ba, to, mun mai da sanda ƙafa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gyaran ilmi kuwa daga aji ɗaya ya ke farawa.

Sai mu koma kan yaro na biyu da na uku. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Gaskiya ne ga baƙon kwana uku. Amma raɓar da ta shekara arba'in ba ta bushe ba, ai ta zama idon ruwa. Uban yaron nan ya biya kuɗin rumfa, ya biya na hukuma, ya yi gayya, ya raka gawa, ran da gobara ta tashi da shi aka ɗebi ruwa. Wanda aka kira ran ɗaukar kaya, da wace fuska za a kore shi ran rabo?

Tarihinmu ma bai goyi bayan wannan kora ba. Masu ba da labarin dauri sun ce Muhammadu Korau, Sarkin Katsina, daga 'Yandoto ya zo, 'Yandoto kuwa yau cikin Jihar Zamfara ta ke. Waliyyi Ɗan Masani, wanda Katsinawa su ke alfahari da shi, asalin gidansu Barno ne. Da a ce an tambaye su takardar asali, da Katsina ta yi hasarar sarki da malami. Mutanen Maraɗi kuwa, ai Katsinawa ne da suka yi Arewa bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, har yau sarkinsu Sarkin Katsina a ke ce da shi. Ingila da Faransa ne suka ja layi a tsakaninmu a farkon ƙarni na ashirin, ba su shawarci kowa ba. Mu da muka yi karatun Muhammadiyya kuma mun san yadda mutanen Madina suka karɓi waɗanda suka yi hijira daga Makka, suka raba dukiya da su, mun kuma san girman hakkin maƙwabci.

Wani zai ce, "Malam, maganarka da daɗi, amma baitulmalin jiha ba rijiya ba ce. 'Ya'yanmu ba su ƙoshi ba, ta yaya za mu ciyar da na wani? Sa'an nan namu da ke can Kudu, haka a ke yi musu." Wannan magana tana da nauyi, ba a yar da ita. Lalle ba a ce duk wanda ya sauka daga mota jiya a ba shi rangwame ba. Abin da a ke nema shi ne a sāke ma'auni, a auna zama maimakon kabarin kaka. Wanda aka haifa nan, ko ya yi firamare da sakandare nan, iyayensa suna biyan abin da kowa ya ke biya, a lissafa shi ɗan gida wajen kuɗin makaranta. An taɓa gwada irin wannan a Amurka. A 2001 jihohin Teksas da Kalifoniya suka yi doka cewa yaron da iyayensa suka shigo da shi ba takarda, in ya shekara uku a jihar ya gama sakandare a can, ya biya kuɗin ɗan jiha. Ta Teksas ta yi aiki shekara 24 kafin kotu ta dakatar da ita a 2025, abin da ya nuna ko can maganar ba ta mutu ba. Game da namu da ke Kudu kuwa, ai wannan hujja ce a kanmu. Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan, ko a Agege, ko a Jos, shi ma baƙo a ke ce masa, kowa kuma ya san jinin da aka zubar a Jos a 2001 a kan wannan kalma. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba mu da bakin nema wa namu adalci a can sai mun yi shi a nan.

Daga nan ne maganar ta ke gangarawa zuwa akwatin zaɓe. Abin mamaki, yaron nan na biyu doka ta ba shi ikon jefa ƙuri'a a Dutsin-Ma, tun da nan ya ke zaune. Watau ran zaɓe ɗan gari ne, ran biyan kuɗin makaranta baƙo ne. Mutumin da aka koya wa tun yana yaro cewa rabonsa yana bin asalinsa, me zai hana shi bin asali ran zaɓe? A zaɓen 1959 manyan jam'iyyu uku kowace a yankinta ta yi rinjaye. A 2023 ma, bayan shekara 64, an ga jihohin Ibo biyar duk sun bi Peter Obi, Kano kuma ta bi Kwankwaso. Mutane suna cewa naka sai naka, domin sun tabbata in ba nasu a sama, ba mai tuna su. Don a rage wannan ne aka sa ka'idar cewa ba mai zama Shugaban Ƙasa sai ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, aka fara aiki da ita a zaɓen 1979, lokacin da ɗan Kurfi, Alhaji Ahmadu Kurfi, ya ke sakataren hukumar zaɓe ta tarayya. Ka'ida ce mai kyau, amma ɗan takara ta ke ɗaurewa, ba ta shiga zuciyar mai zaɓe. Duk da haka zuciyar nan tana iya juyawa, gama a 1993 Kanawa sun ba Abiola ƙuri'a fiye da ɗansu Bashir Tofa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku da kuka yaƙi jahilci da girmanku kuka san daɗin karanta takarda da kanku, ku ne ya fi kamata ku gane zafin a rufe wa yaro ƙofar makaranta saboda laifin da bai yi ba, domin ba wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi. In an zo neman ƙuri'arku, ku tambayi mai nema aji nawa zai gina a ƙauye, malami nawa zai kai, kafin ku tambaye shi ɗan gidan wane ne. In mai unguwa ya nemi shaidarku a kan yaron da ya tashi tare da naku, ku faɗi abin da kuka sani na zamansa a cikinku. Taimako ya bi mabukaci, zama ɗan gari ya bi wanda ya zauna ya ɗauki nauyin gari. Allah ya ba shugabanninmu ikon kamanta gaskiya, mu kuma ya ba mu ikon riƙon maƙwabci da amana, amin.