Hatimi da Hannu: Ina Darajar Katin Gaisuwa Take?

Katin gaisuwa ba ɗan asalin Adar ba ne. Tare da gidan waya da makarantar boko ya shigo, kuma ya daɗe bai wuce hannun ma'aikata da ƴan makaranta ba. Wanda masu tarihi ke ɗauka shi ne katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa ya fito a birnin Landan a shekarar 1843, bisa buƙatar wani ma'aikacin gwamnati, Henry Cole, wanda wasiƙun gaisuwar Kirsimeti suka yi wa yawa. John Callcott Horsley ya zana hoton, aka buga guda 1000, ana sayar da kowane ɗaya sule guda. Abin lura shi ne madaba'a ba ta ƙare aikin ba: layukan zanen kawai ta fitar, launi kuwa sai da aka bi kowane kati da hannu aka shafa masa. Ke nan tun farkonsa abu biyu suka haɗu a jikin kati, wato abin da ke maimaita siffa guda ba gajiya, da hannun ɗan Adam da ba ya iya yin abu biyu iri ɗaya.

A yau wayar salula tana aika hoton barka da Salla mai furanni ga mutum ɗari kafin a ƙifta ido. Saboda haka tambayar ta zama dole: wace hujja ta rage ga wanda zai zauna awa guda, ya danna hatimi a kan takarda, sannan ya bi gefen zanen da ɗigo-ɗigo, ya cika wannan kusurwa da ja, waccan da shuɗi, alhali ba wanda ya tilasta masa? Ko ba ɓata lokaci ba ne, a ƙasar da hannu ke da ayyuka masu nauyi fiye da haka?

Ko da yake kati baƙo ne, aikin da ke jikinsa ɗan gida ne. Duk wanda ya zaga kasuwar Tawa ranar Lahadi ya ga jakunkuna da alabe da kuben takobi da matasan kai na fata. Majemi ya jeme fatar da bagaruwa, an rina ta ja da karan dafi, ko rawaya da gangamau. Daga nan baduku, ko macen maƙeran Buzaye ta wajen Abalak da Cintabaradan, sai su ɗauko ɗan ƙarfe mai siffa a baki, su riƙa danna shi a jere bisa fata. Ƙarfen nan hatimi ne, ba ya canza magana. Amma tazarar da ke tsakanin dannawa biyu, da ƙarfin bugu, da wurin da za a tsaya a bar fili, duk hukuncin ido ne da hannu. Haka abin yake ga kuros ɗin Tawa, ɗaya daga cikin kuros 21 na azurfa da ake danganta wa garuruwa da yankunan Nijar: bayan an zuba narkakkar azurfa a gurbin da kaki ya bari, maƙeri ne ke bin ta da ƙananan ƙarafa yana fitar da da'ira da layi. Masu saye da suka san kaya ba siffar suke dubawa ba, don kowa ya san ta. Ƙananan alamomin nan suke dubawa, a nan ake gane wanda ya yi haƙuri da wanda ya yi gaggawa.

Ita kanta gaisuwar Hausa haka aka gina ta. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ƙoƙari: kalmomi ne da aka sassaƙa tun kaka da kakanni, amsarsu ma sassaƙaƙƙiya ce, har marar lafiya yakan ce lafiya lau. Wasu baƙi sukan ɗauki wannan maimaici ne marar rai. Sun yi kuskure, domin hatimin ba ƙarya yake yi ba, fili yake buɗewa. Abin da ke mayar da gaisuwa ta wani mutum takamaimai shi ne ɗan ƙarin da ke biyo baya: a tambayi yaron da aka ji yana zazzaɓi makon jiya, a ambaci gonar da ruwa ya yi wa gyara, a rage murya idan an zo kan mamaci. Wanda ya tsaya ga hatimi kaɗai ya sauke farali. Wanda ya ƙara launi ya nuna cewa kafin ya buɗe baki ya tuna da wanda ke gabansa.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Ma'anar maganar ita ce zumunta tana da farashi, kuma da lokaci da gajiyar jiki ake biyan sa. Adar kuwa ƙasa ce da ƙafa ba ta cika isa ba, don ƴan biɗa na Barmu da Kalfu da Keita sukan yi watanni ko shekaru a Abijan, ko Legas, ko Libiya. Kafin salula, wasiƙa ce ake bai wa matafiyi, ko kaset da aka zauna aka cika da murya, ana kiran kowa da sunansa har jariri. Kaset ɗin ya samu daraja ne saboda an san wani ya zauna dominsa. A nan ne ƙananan ado na kati ke samun hujjarsu. Ɗigon da ba dole ba shi ne tafiyar da ƙafa ta kasa yi, hannu ya rama. Hoton da aka tura wa mutum ɗari ba laifi ba ne, kuma ya fi shiru. Amma mai karɓa ya san ba a kashe kome dominsa ba, shi ya sa yakan goge shi da zarar waya ta cika, katin kuwa a same shi bayan shekaru cikin akwatin tufafi.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. Idan lokaci ne darajar kati, to wanda ya sayi katin da wani ya ƙawata, lokacin wa ya aika? Marcel Mauss, cikin nazarinsa kan kyauta da ya fito a 1925, ya nuna cewa kyauta tana ɗauke da wani abu na mai bayarwa, shi ya sa take ɗaure mai karɓa. Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a ƙasar Maraɗi, ya wallafa littafi a 1986 kan yadda kyautar biki da cinikin kasuwa ke tafiya tare a wurin Hausawa ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Sayen abin kyauta ba abin kunya ba ne; goro ma saye ake yi. Amma akwai sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa ke zamewa. Wanda ya zaɓi aikin da ya fi ƙananan ado, sannan ya matsa wa mai sana'a da ciniki har ya biya shi kuɗin aikin gaggawa, ya aika kyauta da lokacin da bai biya ba. Abin ya ƙara muni tun da ƴan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga arewacin Nijar, bayan tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010. Masu sana'ar da suka rasa waɗannan masu saye ba su da ƙarfin ƙin tayi. Abin da ya rage musu shi ne su rage ɗigo, su faɗaɗa tazara, su musanya karan dafi da rini na kanti. Sai mai sayen da ya karya farashi ya dawo yana kukan sana'a ta lalace.

Akwai kuma haɗarin riya. Ana iya cika kati da ƙyalƙyali har sunan wanda aka aika wa ya ɓace, ya zamana mai aikawa kansa yake gaisarwa. Masu zayyanar allon saukar Alƙur'ani sun daɗe da sanin iyakar nan: kome yawan launin da za su zuba, kewaye rubutu yake yi, ba ya hawa kansa.

Wannan ya shafi malaman makaranta kai tsaye, musamman masu sa yara aikin hannu gab da Salla ko ƙarshen shekara. Kayan aikin ba su da tsada: ana yanka hatimi a jikin dankali ko tsohon silifa, a haɗa tawada da gawayi da ƙaro, a samu ja daga karan dafi ko soɓorodo. Matsalar tana wajen ba da maki. Idan tsabta da yawan launi ne ma'auni, ɗan mai hali da ya zo da alƙaluman launi goma sha biyu zai riƙa zuwa na ɗaya, sauran yaran su koyi cewa gaisuwa ma ta masu kuɗi ce. Ya fi dacewa a bai wa aji duka hatimi guda, sannan a tambayi kowane yaro wa zai aika wa, da abin da ya ƙara dominsa. Yarinyar da ta zana ɗan raƙumi a kusurwa saboda babanta yana kiwo a Azawak, ko yaron da ya bar fili babba saboda kakarsa ba ta karatu, sai wani ya rubuta mata saƙon da ajami, sun ba da amsar da malami zai iya aunawa, ko da tawadarsu ta ɗan zuba a gefen takarda.